Jini ɗaya da safe zai isa a auna triptofan da melatonin tare?

Ɗalibar Biyokemistiri:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a wannan fanni. Aikin digirina na biyu a kan ma'aikatan jinya ne, masu aikin dare da masu rana zalla. Ina so in ga ko aikin dare yana canza yadda jiki ke sarrafa triptofan (amino asid da ake samu daga abinci), wato nawa ke bin hanyar kainurenin, nawa kuma ke ƙarewa a serotonin da melatonin (sinadarin da ke shaida wa jiki dare ya yi). Tsarin da na rubuta shi ne a ɗebi jini sau ɗaya da ƙarfe 8 na safe, lokacin da masu dare ke miƙa aiki, a raba filasma (ruwan jini), a auna triptofan da kainurenin da serotonin da melatonin duk daga kwalba ɗaya da kit ɗin ELISA, gwajin da ke kama sinadari da garkuwa (antibodi) a kan faranti. Kuɗin hannuna iya nan suka tsaya. Kafin in kai wa kwamitin ɗa'ar bincike, don Allah a duba mini inda tsarin ke da rauni.

Baba Tsohon Lab:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. Tambaya ɗaya tukuna. Da ƙarfe 8, rana ta riga ta fito, nawa kike sa ran samu na melatonin a jini?

Ɗalibar Biyokemistiri:
Na san yana raguwa da rana Baba, amma ina sa ran bambancin ƙungiyoyin biyu zai fito duk da haka.

Baba Tsohon Lab:
Ba raguwa kawai yake yi ba, kusan ɓacewa yake yi. Ɗan ƙullin finiyal da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa ba ya ajiye melatonin, yana yin sa yana zuba shi cikin jini nan take, kuma da dare yake wannan aiki. Yakan fara tashi awa 2 zuwa 3 kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 zuwa 4 na dare, ya sauka wajen wayewar gari. Hanta kuma ba ta ɗaga masa ƙafa, kafin awa ɗaya ta cika rabin abin da ke jini ya tafi. Da rana yawancin mutane ba sa kai 10 pg/mL (pikogiram a kowace mililita), da yawa ma ba sa kai 5. Da dare wani zai tsaya a 30, wani ya haura 100, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau.

To duba waɗanda za ki ɗebi jininsu. Ɗaya ta kwana a gida, ta tashi sallar asuba, ta shirya yara, ta shigo adaidaita cikin hasken rana. Ɗayar ta kwana a tsaye ƙarƙashin fitilun wod. Su biyun za su ba ki 'yar ƙaramar lamba a daidai inda kit ɗin ya fara makancewa. Kuma a ce ma kin ga bambanci, me za ki ce ya kawo shi? Jikinta ne ya rage yin melatonin, ko lokacin yin sa ne ya gusa, ko haske ne ya danne shi a awar da ta wuce? Abubuwa uku ne daban-daban, jini ɗaya ba zai rarrabe miki su ba.

Sista Mai Dare:
Maganar Baba ta haske gaskiya ce, kuma in ƙara miki, hasken dare a wajenmu ba iri ɗaya ba ne. A ɗakin haihuwa da na gaggawa fitilu a kunne suke tar har safe. A wod ɗin maza kuwa bayan an gama raba maganin dare mukan kashe manyan fitilu, a bar ta teburin nas kaɗai. In aka ɗauke wuta kafin a tayar da janareta, fitilar waya muke riƙewa mu sa kanula. Duk sunanmu masu aikin dare, amma abin da ke shiga idonmu ya sha bamban.

Baba Tsohon Lab:
Madalla Sista, wannan ya kamata ya shiga takardar tambayoyinta. A 1980 Alfred Lewy da abokan aikinsa a Amurka suka fara nuna cewa haske yana danne melatonin a ɗan Adam, kuma da haske mai ƙarfi suka yi, luks 2500 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne). Daga baya aka gano ba sai ya kai haka ba, hasken ɗaki na wajen luks 100 in an daɗe a cikinsa yana iya cinye rabinsa. Mai shuɗi-shuɗi ya fi yin tasiri, irin na fararen fitilun LED ɗin nan da suka cika ko'ina. Ki samu ɗan na'urar auna haske, ki auna a daidai tsayin idon mutum, ba a kan tebur ba.

Mai Injin LC-MS:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ina aiki da waɗannan sinadarai a wani ɗakin bincike a Ingila da injin LC-MS/MS, mai rarrabe sinadarai ya gane kowanne da nauyinsa, bari in taɓa ɓangaren awo. Ƙanwata, kin jera abubuwa huɗu a layi ɗaya kamar girmansu ɗaya, alhali tazarar da ke tsakaninsu ita ce babbar matsalar.

Triptofan a filasmar mai lafiya yana wajen 40 zuwa 80 µmol/L. Kainurenin yana wajen 1 zuwa 3 µmol/L. Melatonin kuwa, 10 pg/mL daidai yake da kusan 43 pmol/L. Yi lissafin da kanki: 50 µmol/L shi ne pmol miliyan 50. Ke nan triptofan ya ninka melatonin fiye da sau miliyan a cikin ɗigon jini guda. Sikelin da ake ɗora buhun masara ba shi maƙerin zinare ke auna ɗan kunne da shi ba. Ko a injinmu, don mu auna triptofan sai mun sirka samfurin, in ba haka ba ya cika na'urar ta daina ƙirga daidai. Don melatonin kuwa akasin haka muke yi, mu ɗauki filasma mai ɗan yawa, mu tsamo melatonin ɗin da wani sinadari ko ta ƙaramin bututun tacewa, mu busar, mu sake narkar da shi a ɗan ruwa kaɗan don ya taru. Kafin mu fara komai kuma sai mun zuba tagwayensa mai nauyi, wato melatonin da aka sa wa diyuteriyam guda 4. Injin yana ganin na jiki a nauyi 233 yana fashewa zuwa 174, na tagwayen a 237 zuwa 178. Duk abin da ya ɓace a hanya ya ɓace daga su biyun daidai, sai lissafi ya gyara kansa. Akwai hanyoyin da ke haɗa su duka a gudu ɗaya, amma in kika karanta da kyau za ki ga sau da yawa melatonin na rana ya faɗa ƙasa da iyakar ganinsu.

Dalilin tazarar ma a fili yake. Wajen kashi 95 cikin 100 na triptofan da jiki ke rushewa hanyar kainurenin yake bi. Abin da ke zuwa serotonin kashi 1 ne zuwa 2, kuma daga cikin wannan ne ɗan kaɗan ke zama N-asetilserotonin sannan melatonin. Saboda haka kada ki sa ran cewa in melatonin ya ragu za ki ga triptofan ya ƙaru a jini. Abin da ya rage bai kai a gani ba.

Malamin Kimiyyar Lab:
Ni fa ina da ja a nan. Duk lokacin da ɗalibi ya kawo tambaya irin wannan sai a ce masa LC-MS/MS. Injin nawa ne irinsa ke aiki a jami'o'inmu, wanda ɗalibar digiri na biyu za ta iya shiga ta taɓa? Wanda ke akwai ma ko babu iskar naitirojin, ko ana jiran injiniya daga waje. In muka ce sai da shi, to mun ce kada kowa ya yi bincike ke nan. ELISA muke da shi, injin karanta faranti yana kusan kowane sashe, kuma an wallafa ayyuka masu yawa da shi. Kada mu karya wa yarinya gwiwa.

Mai Injin LC-MS:
Malam, ban ce sai da shi ba, kuma na san halin da ake ciki, a nan na yi digirina na farko. Abin da nake tsoro shi ne kit ɗin da zai ba ta lamba mai kyan gani wadda ba gaskiya ba. David Kennaway na Jami'ar Adelaide a Ostareliya ya bi wannan batu sosai a 2019 da 2020, ya nuna yadda aka wallafa ayyuka da dama da wasu kit da ke ba da melatonin na rana mai yawan da jikin mutum ba ya kaiwa. Garkuwar da ke cikin kit ɗin tana kama wani abu daban, ko sunadaran filasma suna shiga tsakani, sai injin ya karanta su a matsayin melatonin. Akwai kit masu kyau, musamman waɗanda ke sa ka tsamo melatonin daga filasma kafin ka zuba a faranti. Amma wanda ya ce zuba ɗigo kai tsaye ka samu amsa, kuma kuɗinsa ya yi araha ƙwarai, a yi hattara da shi.

Malamin Kimiyyar Lab:
To wannan na yarda da shi, amma maganinsa gwaji ne, ba guje wa ELISA ba. Ga abin da nake sa ɗalibaina su yi da kowane sabon kit kafin ya taɓa samfurin bincike. A ɗebi jinin mai lafiya da azahar, a ɗebi nasa kuma da tsakar dare cikin duhu. In na azahar ya nuna 60 ko 200 pg/mL, a rufe kwalin a mayar. In na dare bai ninka na rana sau da yawa ba, haka nan. Sai a zuba sanannen adadi a cikin filasma a ga ko zai dawo, a kuma sirka samfur mai yawa rabi-rabi a ga ko lambar tana raguwa daidai. Rijiyoyi kaɗan wannan zai ci daga cikin 96 na farantin, amma shi zai sa ka iya tsayawa gaban mai jarrabawa ba tare da gumi ba.

Mai Injin LC-MS:
A kan wannan babu saɓani tsakaninmu Malam.

Baba Tsohon Lab:
Da can gwajin RIA, mai amfani da garkuwa da sinadarin nukiliya, muke ji da shi, irin wanda Josephine Arendt da mutanenta suka inganta a Jami'ar Surrey, kuma har yau yana cikin mafi aminci. Sai dai yana buƙatar sinadari mai tururin nukiliya da lasisin hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya a Najeriya, ba na ɗaliba mai ƙaramin kasafi ba ne.

Amma ku bar ni in kawo abin da nake ganin ya fi dacewa da ita. 'Yata, me ya sa sai jini? Hanta tana ɗaukar melatonin, enzayim ɗin CYP1A2 ya mayar da shi 6-haidroksimelatonin, a liƙa masa salfet, ƙoda ta fitar da shi a fitsari. Shi ne ake rubutawa aMT6s. Mafi yawan melatonin da jiki ya yi ta nan yake fita. Fitsarin da ya taru cikin dare yana ba ki jimillar abin da ƙullin finiyal ya yi a daren gaba ɗaya, ba na minti ɗaya ba. Yawansa kuma a ng/mL ake maganarsa, ba pg ba, don haka ELISA ba ya wahala da shi. Ba ya buƙatar sinadarin adanawa, yana jure firizar -20 na dogon lokaci. Babban binciken nan na ma'aikatan jinya da Jami'ar Harvard ke gudanarwa, lokacin da Eva Schernhammer da abokan aikinta suka duba aikin dare da melatonin, da fitsarin farko na safe suka yi. Ki auna kiriyatinin (dattin da ƙoda ke fitarwa a fitsari) tare da shi don gyara bambancin shan ruwa, ko ki sa a rubuta yawan fitsarin da lokacinsa.

Ɗalibar Biyokemistiri:
Na gode Baba. Matsalata ita ce taken da aka amince mini da shi ya ce a filasma, kuma sufabaiza ɗina ya fi son jini. Ba za a iya auna aMT6s ɗin a filasma ba?

Mai Injin LC-MS:
Ana iya wa. Yana cikin filasma, yana bin sawun melatonin a baya da ɗan jinkiri, kuma ya fi shi daɗewa kaɗan, don haka da safe za ki iya tarar da ragowarsa. Amma har yanzu hoton lokaci ɗaya ne, kuma aikin ƙodar mutum yana shafarsa. In dole sai filasma, hanyar gaskiya ita ce a sa kanula a riƙa ɗiba duk awa ko duk rabin awa daga yamma, cikin haske mara ƙarfi, ƙasa da luks 30, wasu ma sun fi son ƙasa da 10. Lokacin da ya ƙetare 10 pg/mL yana hawa shi ake kira DLMO, shi ne agogon jikin mutum. Kuma mutum ya zauna kafin kowace ɗiba, don tsayuwa tana rage ruwan da ke cikin jijiya, sai melatonin da ke manne da albumin, sunadarin jini, ya yi kamar ya ƙaru. Yanzu ki gaya mini nas ɗin da ke bakin aiki da za ta zauna cikin duhu da kanula a hannu.

Sista Mai Dare:
Babu ita. Mu biyu ne a wod wani daren, marasa lafiya sun cika gadaje. Fitsari dai za mu iya, in an ba mu roba mai murfi mai kyau da wurin ajiyewa da ba a idon jama'a ba. Ki kuma tambayi kowace mace kwanakin al'adarta ki kauce musu, in ba haka ba da yawa za su ce a'a ba tare da sun faɗa miki dalili ba.

Malamin Kimiyyar Lab:
Akwai yawu ma. Melatonin na yawu wajen kashi ɗaya cikin uku ne na filasma, ana ɗaukar 3 ko 4 pg/mL a matsayin iyakar DLMO. Sai dai a kula da asuwaki da buroshi kafin ɗiba, don in dasashi ya yi jini ko kaɗan lambar za ta hau. Mai cin goro kuma sai ya kurkure baki ya jira.

Dakta:
Na biyo ku tun daga sama. Ni ɓangaren kainurenin ne ya fi damuna, don a nan ne ƙasarmu ke shigowa da gaske. Enzayim biyu ne ke buɗe wannan hanya. TDO yana hanta, kotisol (homon ɗin damuwa) da yawan triptofan ɗin kansa ke tayar da shi. IDO kuma yana cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da sauran sassa, intaferon gama (sinadarin da garkuwar jiki ke fitarwa) ke tayar da shi. Duk abin da ya kunna garkuwar jiki zai sa triptofan ya sauka, kainurenin ya hau. An nuna haka a zazzaɓin cizon sauro, da tarin fuka, da HIV. Juna biyu ma yana saukar da triptofan, mahaifa tana da nata IDO. Ciwon ƙoda yana tara kainurenin da 'ya'yansa don ba sa fita.

Ki ɗauka kin ɗebi masu dare a watan Satumba, tsakiyar lokacin sauro, kika ɗebi masu rana a Fabrairu. Za ki samu bambanci mai kyau, ki rubuta cewa aikin dare ne, alhali maleriya kika auna. Ki ɗebi ƙungiyoyin biyu a makonni ɗaya, ki yi wa kowa gwajin maleriya na gaggawa a ranar, ki auna CRP (alamar kumburi a jiki) da kiriyatinin. In kuɗi sun ragu ki ƙara niyofterin, shi ma intaferon gama ke tayar da shi, zai taimaka miki ki gane ko IDO ne ko TDO.

Sai magunguna. Atenolol da furofiranolol suna danne melatonin na dare, kuma cikin manyan sistoci masu hawan jini ba za a rasa mai shan su ba. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu istirojin suna rage aikin CYP1A2, sai melatonin ya daɗe a jini. Sigari akasin haka yake yi. Kafeyin ma ta wannan enzayim ɗin yake bi, don haka ki tambayi shayi da kofi da goro da lemon ƙara kuzari, a rubuta adadi da lokaci. Isoniyazid, maganin tarin fuka, yana cinye bitamin B6, kuma enzayim ɗin da ke ƙasa da kainurenin sun dogara da B6.

Kada ki bar aikin nan duk da wahalarsa. Hukumar binciken kansa ta IARC da ke Liyon a Faransa ta sa aikin dare a rukunin 2A, wato mai yiwuwa ƙwarai yana jawo kansa, a 2007 ta kuma sake tabbatarwa a 2019. Yawancin bayanan daga Turai da Amurka da Asiya suka zo, ƙasashen da tsawon dare da hasken gida da tsarin barcinsu ba irin namu ba ne. Muna buƙatar namu lambobin, amma masu tsabta.

Ɗan Damagaram:
Gafara dai malamai, ni ba ɗan lab ba ne, mai sayar da magani ne. Mutane suna zuwa neman melatonin don rashin barci, wasu har suna tambaya ko akwai gwajin jini da zai nuna musu nasu ya ƙare. Me zan ce musu?

Dakta:
Ka ce musu gwajin jini ɗaya da rana ba zai nuna komai ba, kowa nasa ƙasa yake a lokacin. Ko na dare, mai ƙaramin adadi yana iya barci lafiya. Rashin barci a wajenmu sau da yawa damuwa ce, ko zafi da sauro, ko shayin dare, ko waya a kan gado, ko ciwon da ba a gano ba. Sannan ƙwayoyin da ake sayarwa a matsayin ƙarin abinci ba a tsaurara musu kamar magani. A 2017 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun auna iri 31, suka tarar abin da ke ciki ya kama daga ƙasa da abin da aka rubuta da kashi 83 cikin 100 har zuwa sama da shi da kashi 478, kuma a 8 daga ciki sun samu serotonin da ba a rubuta ba. Mai ciki, da yaro, da mai shan maganin farfaɗiya ko na tsinka jini, ka tura su wajen likita tukuna. Ita ma ɗalibarmu ta sa wannan a tambayoyinta, don ƙwaya ɗaya ta 3 mg tana kai melatonin na jini ninkin na dare sau goma ko fiye.

Ɗan Damagaram:
Na gode Dakta, Allah ya saka.

Baba Tsohon Lab:
Mu koma kan kwalbar. Ba wanda ya taɓa serotonin tukuna, kuma shi ne ya fi saurin yaudara. Fiye da kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jiki a hanji ake yin sa, kuma wanda ke jini kusan duka yana ƙunshe cikin filetilet, ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. In kika bar jini ya daskare kika ɗauki siram, filetilet sun fashe sun zubar da nasu. In kika juya filasma sau ɗaya a hankali, filetilet na nan suna iyo a ciki, ranar da kika daskarar kika narkar su fashe. Ko ɗaure hannu ya daɗe, ko jan sirinji da ƙarfi, ko sa jinin cikin ƙanƙara kafin a juya, duk suna tayar da su. Abin da za ki auna a ƙarshe shi ne yadda aka riƙe kwalbar. Mai son na filasma na gaskiya sai ya juya sau biyu, ya ɗebi na sama a hankali ba tare da bakin fifet ya kusanci farin layin nan da ke kan jajayen ƙwayoyi ba. Kuma bayan duk wannan, serotonin na jini ba ya ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa, ba zai gaya miki abin da ƙullin finiyal ke da shi ba. Da ni ne, zan cire shi in sa kuɗinsa a wani wuri.

Malamin Kimiyyar Lab:
Na goyi bayan Baba. Triptofan da kainurenin kuma ba sai ELISA ba, ba sai LC-MS ba. HPLC na yau da kullum, injin da ke rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa, ya isa, kuma sassan harhaɗa magunguna da dama suna da shi. A zuba asid ɗin TCA sunadarai su kwanta, a juya, a ɗura na saman. Kainurenin yana fitowa a 360 nm, triptofan a wajen 280, in akwai na'urar kama ƙyalli ma ya fi. Ƙungiyar Dietmar Fuchs a Innsbruck ta Ostiriya ta wallafa wannan hanya tun 1997, da 3-naitirotairosin a matsayin ma'aunin ciki. Ɗaliba za ta koyi aikin da hannunta, wannan ya fi mini a tura samfuri waje a dawo mata da tebur.

Mai Injin LC-MS:
Ga waɗannan biyun, HPLC ya wadatar. Inda zai gaza shi ne ƙananan 'ya'yan kainurenin: asid ɗin kainurenik da 3-haidroksikainurenin suna a gomomin nmol/L, kwinolinik a ɗaruruwa. Su AFMK da AMK, waɗanda ke fitowa in an fasa zoben melatonin, ko mu muna fama da su. In tana son waɗannan sai an turo, da busasshiyar ƙanƙara, da yarjejeniyar tura samfuri da dokar NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, ta tanada, kuma takardar amincewar da mahalarta za su sa wa hannu ta faɗi cewa jininsu zai iya fita ƙasar. Shawarata ta rubuta wannan tun yanzu ko da ba ta da niyya, ta ajiye kwalba ɗaya ta kowane mutum ba a taɓa ba.

Malamin Kimiyyar Lab:
Ajiyewa a ina? Na ga aikin ɗalibi ya lalace a wani wuri da na taɓa aiki, wuta ta ɗauke a ƙarshen mako, aka zo Litinin an tarar da ruwa a ƙasan firizar -80, ba wanda ya san sau nawa samfuran suka narke suka sake daskarewa. Triptofan da kainurenin da melatonin suna da ɗan haƙuri, amma 3-haidroksikainurenin da 3-haidroksi-antiranilik iska da haske da ɗumi suna cinye su da wuri. Ni har yanzu ina ganin ta tsaya kan abin da za a iya aunawa a gida cikin watanni kaɗan.

Ɗalibar Biyokemistiri:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da zan kai wa sufabaiza. Jinin safe yana nan, a kwalbar EDTA mai hana jini daskarewa, a juya cikin awa ɗaya, a raba a ƙananan kwalabe a naɗe da takardar aluminiyam, don triptofan da kainurenin ta HPLC. Serotonin ya fita. Melatonin zai koma aMT6s a fitsari, in roƙi a gyara taken. Tambayar da ta rage mini: masu rana zan ce su zo ba su karya ba, amma masu dare suna cin abinci cikin dare. Ya zan daidaita su?

Dakta:
Tambaya mai kyau. Abinci mai nama ko ƙwai ko wake yana ɗaga triptofan na awoyi. Ki sa wa kowa tazara ɗaya, misali kada a ci komai sai ruwa awa 8 kafin ɗiba, ki kuma rubuta abin da aka ci na ƙarshe da lokacinsa. Ki sani kuma jimillar triptofan za ki auna, wanda kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa yana manne da albumin, don haka ki auna albumin ma. Kuma kada aikin ya ratsa cikin Ramadan, sahur da tarawihi da tahajjud suna juya lokacin ci da barci da haske na kowa, har masu ranar.

Sista Mai Dare:
Awa 8 ba ci a bakin aiki zai yi wuya Dakta, amma in an ce daga sha biyun dare ne za mu iya, yawancinmu kafin nan muke ci. Shayin ƙarfe 3 ne za a sha fama da shi, sai kin yi mana bayani da kyau.

Abu ɗaya da ban ga an ambata ba: wane dare? Mu a jere muke yin dare, sannan a ba mu hutu, sannan mu koma safe ko yamma. Daren farko jikina yana nan a tsarin rana, barci kamar zai kayar da ni wajen ƙarfe 3. Zuwa na ƙarshe na fara sabawa, sai kuma in kasa barci a gida ranar hutu. In kika ɗebi wata a darenta na farko, wata a na ƙarshe, kika zuba su a rukuni ɗaya, ba abu ɗaya kika auna ba. Ki je wajen matron ki karɓi jadawalin wata tun kafin ki fara, ki zaɓi dare ɗaya ga kowa. Fitsarin kuma ki karɓa kashi biyu, na lokacin aiki daban, na bayan barcin rana daban. Ki ba mu robobi biyu masu alama, da ɗan kati da za mu rubuta lokacin da muka kwanta da lokacin da muka tashi.